Ungozomar Tsutsotsi

Jama'a, ku da kuka zauna da Iya, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ta taɓa amsa gaisuwarsa da safe kafin ta gama gaisawa da tsutsotsinta? Babu! Ni jikanta ne, a ɗakinta na tashi, amma ko ni sai na jira. Da gari ya waye za ta ja sandarta ta nufi tumfafiyar nan ta ƙofar gidanmu, wadda ta yi kurmi har ta fi mutum tsawo, ta riƙa ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa.

"Sannunku da kwana. An ci an ƙoshi? Ke kuma wannan ƙiba haka, sai ka ce matar mahauci!"

Ni kuwa ina tsugune a bayanta, ƙafa ta yi tsami. "Iya, ina kwana?"

"Ango, ka ga na gama da manya ne?"

Haka take kirana, Ango, irin wasan kaka da jika, ko da yake ta sha faɗi cewa ba ta taɓa ganin angon da bai iya komai ba sai lashe tukunya. Kun kuma san ita ce ungozomar garin nan tun kafin Nasara su zo. Duk wanda ke cikinku da gemunsa bai gama fari ba, hannunta ne ya fara taɓa shi a duniya. To, da mutane suka yi mata kaɗan, sai ta haɗa da tsutsa.

Tun ban san dama da hagu ba aka cusa mini karatun tumfafiya. Uwar, wato malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro, mai baƙin gefe da ɗigon fari, takan zo ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai a bayan ganye, guda ɗaya tak, bai kai ƙwayar gero ba, ta tashi abinta ba waiwaye. Sai Iya ta bi ta da harara.

"Ji haihuwar zamani! Ki ajiye ki tafi yawo? To, je ki, Allah ya sa ina nan."

Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, 'yar mitsitsiya, ta fara da cinye ɓawon ƙwan da ta fito daga ciki. Daga nan sai ci. Ci safe, ci rana, ci yamma, kamar ni a gidan suna. In rigar jikinta ta matse ta, sai ta tsage daga ƙeya, ta sulale ta fito da sabuwa mai ratsin baƙi da fari da rawaya, sannan ta juyo ta cinye tsohuwar, ko zare ba ta bari. Wannan hali shi ya fi komai burge Iya.

"Ka gani? Dabbar da ta san darajar kaya ke nan. Ba irinku ba."

Ai kun tuna zanen nan nata. Facin da ke jikinsa ya fi asalin zanen yawa. Wallahi masaƙin da ya saƙa shi, da zai tashi daga kabari, rantsuwa zai yi bai taɓa ganinsa ba. Babana ya gaji da jin kunya, ya je kasuwar Dutse ya sayo mata sabon saƙi, ya kawo da ladabinsa.

Ta juya shi, ta shinshina, ta ninke, ta tura ƙarƙashin gado. "Allah ya yi albarka. Amma ka taɓa ganin tsutsa ta tuɓe rigar da ba ta matse ta ba? Ni kuwa kullum ramewa nake."

Na ce, "To Iya, ranar da ya tsage daga ƙeya, cinyewa za ki yi?"

"In an sa daddawa, ja'iri!"

Muciya ta biyo bayan maganar. Har yau in hadari ya haɗu wurin yana yi mini ƙaiƙayi.

Sai kuma rigimar zakaran Kawu Barau, maƙwabcinmu. Zakara ne mai girman kai, ya fi mai shi taƙama. Wata rana ya yi tsalle ya cafke tsutsa guda ya haɗiye. Ba a jima ba sai ga shi yana tangaɗi, yana miƙa wuya, ya amayar da duk abin da ya ci tun daga ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Kawu ya taso da shi a hammata, yana huci.

"Iya, tsutsarki ta kusa kashe mini zakara!"

"Aikensa na yi? Abin da aka raina da nonon tumfafiya tun yana jariri, shi za a haɗiye ba bisimilla?"

"To a sare abin nan mana! Wane mai hankali ne ke kiwon tumfafiya a ƙofar gida?"

Sai Iya ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya yadda mata masu daka a ƙarshen gari za su ji. "Barau, ba laifinka ba ne. Kai da ɗuwawu ka fito duniya, kai ya biyo baya. Tun ranar na ce wa uwarka yaron nan hankalinsa kullum zai riƙa zuwa a makare."

Kawu ya juya ko sallama babu. Ya yi mako bai fito dandali ba. Wannan shi ne makamin Iya: ta san yadda kowa ya shigo duniya, ba ta kuma mantuwa, ba ta rage murya.

Amma duk wannan gata da tsutsa ke samu, somin taɓi ne. In ta gama ƙiba, sai ta daina ci, ta nemi bayan ganye ta manne wutsiya, ta rataye kai ƙasa. Kafin ka je rijiya ka dawo ta tuɓe rigar ƙarshe, ta zama wani ɗan kwanso kore shar, da ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar zinariya, sai ka ce dutsen wuyan amarya. Ba ci, ba sha, ba motsi. To, a nan ne Iya take zama ungozoma sosai. Ba a tari kusa da wurin. Ba a daka mai ƙarfi. Ni dai an hana ni atishawa a ƙofar gidanmu.

"Ciki ya tsufa," in ji ta. "Mai jiran haihuwa ba a tashinta, ba a girgiza ta, ba a gaya mata ta yi sauri."

Sai bayan mako da ɗoriya kwanson ya yi duhu, har kana hango ruwan goron fiffike ta ciki. Da hantsi ya tsage, abu ya zazzago a jiƙe, a yamutse kamar tsumma, ya maƙale yana lilo har fiffiken ya miƙe ya bushe. In ya tashi, Iya ta rangaɗa guɗa. Sau nawa mata suka fito da gudu suna tambaya a gidan wa aka sauka!

Ana nan, bara waccan da kaka ta gabato, sai ga wakilin hakimi daga Dutse, da dogari, da doguwar igiya, da turaku. Wai Bature zai zo rangadi, hanyar da ta bi ta garinmu ta nufi Miga a faɗaɗa ta, a miƙe ta ɗoɗar. Wai shi Bature ba ya son hanya mai lanƙwasa, kamar haɗiye ta zai yi. Aka gaya wa mai gari a gaban jama'a cewa in Bature ya tarar da ko kututture guda a kan hanya, rawaninsa ne a ƙasa, magidanta kuma bulala. Aka ja igiya. Igiya ta zo ta ratsa ta tsakiyar tumfafiyar Iya, a lokacin kuwa kwansuna sun cika ta, suna reto kamar 'yan kunne.

Iya ta fito da tabarma ta shimfiɗa a gindin, ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Wakili ya ce, "Tsohuwa, tashi, za a yi aikin hukuma."

"Akwai masu jiran haihuwa a nan. In sun sauka sun tashi, sai mu yi magana."

"Su wa?"

Ta nuna masa da sanda. Ya duƙa ya leƙa, ya ɗago yana dariya har rawaninsa na rawa. "Tsutsa? A kan tsutsa za a tsai da hanyar Bature? Kai, ku sare!"

Ɗan'azumi ne ya fara ɗaga adda, ga shi nan zaune, ya musa in ƙarya nake. Iya ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ɗan'azumi, kai ne ka ƙi yin kuka sai da na tsoma ka a ruwan sanyi, ka rama da yi mini fitsari a ido. Sara mana."

Adda ta sauka a hankali. Na biyu ya matso, aka gaya masa an haife shi da gashi har gadon baya, uwarsa ta tambaya ko an musanya mata da ɗan biri. Na uku bai ma jira ba, ya ce cikinsa ya murɗa, ya shiga dawa. Wakili ya fusata ya ce wa dogari ya karɓi addar. Dogari ya taho yana kumbura cikin jar rigarsa.

Iya ta ƙanƙance ido. "Kai, juyo nan. Kunnen nan na san shi. Ba ɗan Hansatu ba ne ta Limawa, wadda ta zo goyon ciki gidan ƙanin ubanta a nan?"

Jama'a, kun taɓa ganin dogari ya tsuguna ya ce "Ina wuni, Iya" da hantsi? Ni na gani.

Wakili, shi mutumin birnin Kano ne, ya tako har bakin tabarma. "To ni dai ba ke kika karɓi haihuwata ba."

"Ai da gani. Da ni na karɓe ka, da na gyara maka kan nan tun yana ɗanye."

Dariyar da mutane suka danne ranar, wasu har yau tana yi musu ciwo a haƙarƙari. Mai gari kuwa ba dariya a ransa. Ya matso ya rage murya.

"Iya, ki dubi Allah. Rawanina fa."

"Na dubi Allah, shi ya sa nake zaune. Ku saurara duka! Duk wanda addarsa ta taɓa ganye guda a nan, ranar da matarsa ta durƙusa, kada a buga mini ƙofa. A kira Bature ya zo ya yanke cibiya."

Kowa ya san uwargidan mai gari haihuwa yau ko gobe, ga kuma masu ciki a kusan kowane gida, don damina ta yi albarka ta kowace fuska. Mai gari ya dubi wakili, ya dubi Iya, ya share gumi da bakin rawanin da ake magana a kai.

Wakili ya yi rantsuwa. "To, a bar ta! A share gaba, a share baya, a bar ta a tsakiya. Bature ya zo ya gani da idonsa, ya kuma ji sunan kowa."

Haka aka yi. Hanya fetal daga gabas, fetal daga yamma, ga tumfafiya tsaye a tsakiya, ga tsohuwa a gindi. Kwanakin nan ba wanda ya ci tuwo ya ji daɗinsa. Babana ya roƙe ta har da hawaye, ta ce ya je ya sha kunu. Wasu magidanta suka fara kwana a gona. Kawu Barau ya riƙa sa riga uku saboda bulala, a cikin wannan zafi.

Ranar da Bature ya iso, da hantsi ne, a kan doki, fuskarsa ja kamar gautan da ya nuna. Gari duk aka zube. Iya tana zaune, ta ce gwiwarta ba ta san shi ba. Kamar an shirya, kwansuna da dama sun fashe da safen nan, ga sababbin malam-buɗe-littafi sun maƙale suna shanya fiffike. Wakili ya fara zuba ƙara, yana nuna Iya, yana nuna mai gari. Bature ko sauraro bai yi ba. Ya diro daga doki, ya tafi ya durƙusa gaban tumfafiya, da gwiwa biyu, yana ta wani yare da ƙaramar murya kamar mai lallashin jariri.

Tafintansa ya ce, "Bature ya ce, wane ne ya yi kiwon waɗannan? Ya ce kada wanda ya taɓa itacen nan. Hanya ta kewaye."

Wayyo, ku ga murna! Mata suka saki guɗa daga bayan danga. Mai gari ya dafe rawani da hannu biyu. Wakili ya haɗiye sauran ƙararsa, har ma ya ce dama shi tun farko ya ga abin da kyau. Ita kanta Iya ta saki fuska.

"Ashe a cikinsu ma akwai mai hankali. Ango, kawo masa ruwa."

Kafin in dawo da ruwa, Bature ya sa yaronsa ya kwance kaya. Aka fito da wata 'yar koma mai laushi a bakin sanda, da wani akwati. Ya buɗe akwatin ya miƙo wa Iya, yana washe baki, irin na wanda ya samu ɗan'uwa a baƙon gari. Na leƙa ta kafaɗarta. Malam-buɗe-littafi ne a jere, iri-iri, har da waɗanda ban taɓa gani ba, kowanne an baje masa fiffike an soke shi da allura a tsakiyar baya.

Iya ta daɗe tana kallo. "Barci suke?"

Tafinta ya ce, "A'a, Iya. Busar da su yake, ya kai ƙasarsu a riƙa kallo."

Tana cikin jin haka Bature ya wurga koma, ya kamo guda daga cikin na safen, wanda ko tashin fari bai yi ba, ya matse masa ƙirji da yatsa biyu.

Ban san tsohuwa na da irin wannan tsalle ba. Gwiwar da ba ta san Bature ba sai ga ta ta san gudu. Ta fizge mayafi ta shiga kaɗa tumfafiya tana ihu.

"Ku tashi! Ku gudu! Wanda bai bushe ba ya bushe a sama! Inna lillahi, maƙabarta yake yawo da ita a akwati!"

Bature ya ajiye koma a ƙasa don ya tare ta da hannu. Kuskurensa ke nan. Iya ta juya ta zauna a kan komar, daram. Muka ji ƙaras.

"Gaya masa," ta ce wa tafinta, "wanda ya yanke masa cibiya bai wanke hannu ba. Gaya masa mai adda ya fi shi, don mai adda bai ce yana son su ba."

Tafinta ya yi wa Bature magana gajeriya. Daga baya ya gaya mana cewa ya yi tsohuwa ta gaji, tana neman izinin zama. Bature ya dubi sandar komarsa da ta zama biyu, ya dubi Iya, sai ya fashe da dariya har ya ƙara ja. Ya ce ba komai, a kula masa da itacen, in ya dawo rangadi zai zo da sabuwar koma da babban akwati. Ya sa aka ba Iya wani gwangwani mai murfi, kyauta.

Na ce a raina yanzu za ta jefe shi da shi. Sai ta karɓa, ta ƙwanƙwasa, ta soke a zane.

"Iya! Kayan mai maƙabarta?"

"Gwangwani bai kashe kowa ba."

Gari ya kwana da murna. Rawani ya tsira, bayan magidanta ya tsira, hanya ta kewaye, tumfafiya ta zama ta hukuma, har wakili ya ce duk akuyar da ta taɓa ta sai an kai mai ita Dutse. Iya kaɗai ba ta shiga murnar ba. Ta ci gaba da zama a gindin har kwanson ƙarshe ya fashe, mai shi ya bushe ya tashi. Ba ta yi guɗa ba. Ta tsince sauran tsutsotsi da ganyen da ke da ƙwai ta zuba a ƙwarya, ta ce in ɗauka. Sannan ta ce in miƙo mata gatari.

"Iya, me za ki yi?"

"Abin da gari guda ya kasa."

Da hannunta ta sare tumfafiyar. Ta sa na tone saiwar har ƙasa don kada ta tofo. Mai gari ya zo da gudu, ba takalmi.

"Iya, kin kashe ni! Da an ce a sare kin ƙi, yanzu an ce a bari kin sare! Me zan gaya wa Bature?"

"Ka ce gara ta ci. Ni ban tara 'ya'ya don in yi wa wani tarko da su ba."

Haka kuwa aka gaya masa da ya dawo, ya yi tsaki ya wuce. Mu kuma muka kai ƙwaryar can bayan duwatsu, inda wata tumfafiya ta fito a tsaga, wurin da doki ba ya hawa. Kullum sai ta je, da sanda, tana hutawa a kan kowane dutse tana zagin gwiwarta. Da tafiyar ta gagara, ni nake goya ta. Ba ta da nauyi, sai dai baki: duk tuntuɓen da na yi sai an gaya mini tsutsa mai ƙafa goma sha shida ta fi ni iya tafiya.

A irin wannan goyon ne, ana saura kaɗan ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, na ce, "Iya, don Allah, duk wannan wahala a kan tsutsa?"

Daga bayana ta ce, "Ango, na durƙusar da mata da yawa. Ba duka suka tashi ba. Uwarka, 'yar cikina, a hannuna ta tafi, ina riƙe da kai a ɗaya hannun, ban iya komai ba. Waɗannan kuwa, in dai na tsare su na jira, tashi suke."

Ban sake tambaya ba. Na gyara mata zama, muka ci gaba da hawa.

Allah ya jiƙan Iya. Ya Allah, ta karɓi bayinka da hannu biyu ranar da suka zo ba su da ko tsumma, ka karɓe ta da rahamarka fiye da haka. Ka yafe mata kaifin bakinta, ka yalwata mata makwanci, ka sada ta da 'yarta da ta riga ta. Amin.